Koyon Aikin Taimakon Jama'a a Jami'a: Jawabi ga Iyaye da Ɗalibai



Maganar da aka ɗora mini in yi muku yau ta shafi wani fannin ilmi da ake koyarwa a jami'o'in ƙasar nan, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, waɗanda suka san da shi kuwa ba kasafai suke ba shi matsayin da ya cancanta ba. Fannin shi ne aikin kyautata jin daɗin jama'a, watau aikin da ma'aikatan ofishin walfiya suke yi. Idan yaro ya ce zai karanta likitanci ko aikin lauya ko injiniya, nan da nan sai a sa masa albarka. Amma idan ya ce zai shekara 4 a jami'a yana koyon yadda ake taimakon mutane, sai ka ji iyaye suna cewa, "Taimako kuma har sai an koya? Ai wannan halin kirki ne, a gida ake samunsa." Tambayar tana da ma'ana, kuma ita nake so in amsa.

Taimako a al'adarmu

Babu mai musun cewa mun gāji taimakon juna tun kaka da kakanni. A gandu, maraya ba ya rasa wanda zai riƙe shi, tsoho ba ya rasa wanda zai kai masa tuwo. Muna da gayya da adashi da gudummawar biki. Addini ya wajabta zakka, ya kwaɗaitar da sadaka da waƙafi. Mai unguwa yana sasanta ma'aurata, kuma duk baƙon da ya sauka a Sabo ta Badun, ko Agege, ko wani zango na kudancin ƙasar nan, ya san akwai maigida da Sarkin Hausawa da za su tsaya masa. Wannan dukiya ce, kuma ilmin da nake magana a kai bai zo domin ya ture ta ba.

Sai dai zamani ya kawo matsalolin da suka fi ƙarfin waɗannan hanyoyi su kaɗai. Birane sun cika sun batse, dangi sun warwatsu wajen neman abinci. Rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas tun 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, sun bar dubban iyalai ba matsuguni. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Idan gari duka ya tashi, wane dangi ne zai riƙe wani? Idan yaro ya faɗa shaye-shaye har ya kai ga ɗaukar kayan mahaifiyarsa yana sayarwa, sadaka ba za ta warkar da shi ba, bulala ma haka. A nan ne ake bukatar wanda ya haɗa tausayi da sani.

Asalin wannan aiki

Turawa ma ta wannan hanya suka biyo. Sa'ad da masana'antu suka janyo talakawa zuwa birnin Landan, masu hali suka yi ta rabon sadaka ba tsari, wani ya karɓa sau uku, wani ko sau ɗaya bai samu ba. Sabili da haka a 1869 aka kafa wata ƙungiya domin ta tsara sadakar, ta riƙa aika mutane gida gida suna binciken halin da mabukata ke ciki. A Amurka kuwa, wata mata mai suna Jane Addams ta buɗe gida a unguwar talakawa ta birnin Shikago a 1889, ta zauna cikinsu tana aiki tare da su, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1931. Da aka ga kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, sai aka fara horar da ma'aikata a birnin New York a 1898. A 1917 kuma Mary Richmond ta wallafa littafin da ya shimfiɗa ƙa'idar binciken halin mutum kafin a yanke irin taimakon da ya dace da shi.

A nan Nijeriya, aikin gwamnati a wannan fanni ya faro ne daga Ikko lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka yawaita a titunan birnin. A farkon shekarun 1940 aka naɗa wani Bature, Donald Faulkner, jami'in jin daɗin jama'a na Ikko, sa'an nan a 1943 aka kafa dokar yara da matasa, wadda ta raba shari'ar yaro da ta babba. Jihar Arewa ta kafa irin wannan doka a 1958. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya bar marayu da gwagware da naƙasassu masu ɗimbin yawa, Gwamnatin Tarayya ta ga lalle ne ta sa hannu sosai, ta kafa dokar soja mai lamba 12 ta 1974 a kan raya jin daɗin jama'a. A 1975 ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, a 1976 kuma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin. Daga baya wasu jami'o'i suka bi sahu, irin su na Badun da Binin da Ikko da Kalaba da Ilori. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ita ma ta daɗe tana horar da ma'aikatan raya jin daɗin jama'a.

Abin da ɗalibi yake koyo

To, mene ne ake koya wa ɗalibi cikin waɗannan shekaru? Da farko ana koya masa ilmin halayyar ɗan Adam, watau yadda hankali da ɗabi'a suke ginuwa tun daga goyo har tsufa, domin ya iya bambanta ƙuruciya da alamar cuta, ya kuma gane cewa yaron da ya daina magana ko ya koma fitsarin kwance bayan ya girma wataƙila wani abu ne ya same shi wanda ya kasa faɗi. Na biyu, ilmin zamantakewa: yadda iyali da unguwa da sana'a da talauci suke juya rayuwar mutum. Na uku, dokokin ƙasa da suka shafi yara da mata da aure da naƙasassu da fursunoni, da yadda ma'aikatun gwamnati suke gudana, domin mai taimako wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba wahala kawai zai ƙara wa wanda yake jagora. Na huɗu, hanyoyin bincike da ƙididdiga da rubuta rahoto.

Sa'an nan sai hanyoyin aikin kansa, waɗanda suka kasu kashi uku: aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya, aiki da rukuni kamar na masu fama da shaye-shaye ko matan da suka rasa mazajensu, da kuma aiki da al'umma gaba ɗaya, inda ake taimaka wa mutanen gari su haɗa kai su nemi rijiya ko asibiti ko makaranta da kansu. Kuma da yake gani ya kori ji, ba a ba ɗalibi digiri sai ya fita aikin gwaji a asibiti, ko ofishin walfiya, ko gidan marayu, ko gidan gyaran hali, a ƙarƙashin wani gogaggen ma'aikaci wanda zai riƙa duba aikinsa yana yi masa gyara.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne ladubban aikin. Ana horar da ɗalibi ya riƙe sirri, kada abin da mace ta gaya masa a ofis ya fita zaure ko kasuwa. Ana horar da shi ya saurara kafin ya yi magana, kada ya ɗauki kansa alƙali a kan wanda ya zo da laifi ko abin kunya. Ana horar da shi ya bar mutum ya zaɓar wa kansa mafita matuƙar ba za a cutar da wani ba, domin manufar aikin ita ce mutum ya tsaya da ƙafafunsa, kada ya zama mai miƙa hannu har abada. Ana kuma hana shi nuna bambanci saboda addini ko ƙabila ko jiha.

Bari in ba da misali. A ce an kama yaro ɗan shekara 12 ya saci waya a tasha. Mai zafin zuciya zai ce a yi masa dūka a kulle shi. Mai tausayi zai biya kuɗin wayar, ya ba shi na abinci, ya sallame shi, bayan mako guda kuwa a sāke kama shi. Ma'aikacin da aka horar zai zauna da yaron, ya gano daga ina ya fito, wa ke riƙe da shi, yaushe rabonsa da iyayensa, ko akwai wani babba da ke tura shi satar. Zai nemi danginsa, ya je ya ga gidan da idonsa, ya auna ko mayar da shi can alheri ne ko haɗari. Zai rubuta wa kotu rahoto, domin dokar kāre haƙƙin yara ta 2003 ta bukaci a binciki halin da yaro ya taso a ciki kafin a yanke hukunci a kansa. Idan kotu ta sake shi a hannun mai sa ido, ma'aikacin zai ci gaba da bibiyarsa wata da watanni, ya ga ya koma makaranta ko ya kama sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda bai iya ba sai ya karya shi.

Akwai kuma darasi daga cikin gida. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Aro da ke Abekuta, ya ɓullo da wani tsari inda masu taɓin hankali suke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana, maimakon a kulle su nesa da jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya tabbatar shi ne, ba a raba lafiyar mutum da danginsa da al'adarsa. Likita yana ba da magani, amma tilas a samu wanda zai shirya iyali su karɓi majiyyaci, ya lallashi maigidan aikinsa ya mayar da shi, ya kuma wayar da kan maƙwabta su daina jifansa da baƙar magana. Wannan shi ne gurbin ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Guraben aiki

Iyaye suna da haƙƙin su tambaya ina wanda ya karanta wannan fanni zai yi aiki. Cikin shekarun nan an kafa dokoki da hukumomi da yawa waɗanda ba za su yi tasiri ba sai da irin waɗannan ma'aikata. Dokar yara ta 2003 ta tanadi kotunan iyali. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda ke da gidajen da ake ajiye waɗanda aka ceto kafin a sada su da danginsu. Dokar hana cin zarafin mutane ta zo a 2015. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce a keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2019 ɗin ne aka sauya dokar gidajen yari, aka mayar da su gidajen gyaran hali, aka kuma buɗe sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar sa ido a kan mai laifi da sa shi aikin al'umma. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, kuma a shekarar aka kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Ban da waɗannan, akwai asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware da Yaba da Inugu, da makarantun horon kangararrun yara da ke Kaduna da Ilori da Abekuta, da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye na hukumar NDLEA, da hukumar agajin gaggawa ta NEMA, da ma'aikatun mata da jin daɗin jama'a na jihohi, da sassan walfiya na ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin agaji na gida da na waje. Daɗin daɗawa, a watan Disamba na 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a, wadda aka ɗora wa nauyin yi wa ma'aikata rajista da tsayar da irin ilmin da ake bukata gare su. Ke nan doka ta amince cewa aikin sana'a ce ta ƙwararru, kamar yadda aikin jinya da haɗa magunguna suke.

Dalilin da ya sa muke bukatar 'ya'yanmu a ciki

Jama'a, ga inda maganar ta fi shafarmu. Wannan aiki da baki ake yinsa, da kunne, da sanin al'ada. A ce ga wata baiwar Allah a wani asibiti a Ikko ko Fatakwal, ba ta jin wani harshe sai Hausa, mijinta ya gudu ya bar ta da jinyar yaro. Idan ma'aikacin da zai saurare ta sai ya nemi tafinta, tafintan kuwa wataƙila maƙwabcinta ne, to, rabin abin da ke cikinta ba zai fito ba. Wanda bai san kunya irin tamu ba zai ɗauki shirunta a matsayin rashin damuwa. Wanda bai san cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari ba, kuma ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, zai iya rubuta cewa ba ta ƙaunar ɗanta. Irin wannan kuskure a rahoton da za a kai kotu yana iya raba uwa da ɗa.

Haka kuma akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, akwai kuma maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da kuwa likita ne. Masu fama da yoyon fitsari, da 'yan matan da aka ci zarafinsu, da matan da ke sansanonin gudun hijira, sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Saboda haka ina roƙon iyaye, idan 'yarku ta nuna sha'awar wannan karatu, ku ƙarfafa mata gwiwa. Idan muka hana 'ya'yanmu shiga, aikin ba zai tsaya ba, sai dai wasu su yi shi a kanmu ba tare da sun fahimce mu ba, mu kuma mu koma muna ƙorafi.

Hanyar shiga

Ɗalibin da ke son wannan fanni yana bukatar sakamako mai kyau a darussa 5 na jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da Lissafi. Sai ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, ya zaɓi jami'ar da ke koyar da fannin. Karatun digiri na farko shekara 4 ne. Wanda yake da difloma ko takardar NCE ko makamancinsu yana iya neman shiga kai tsaye aji na biyu, ya yi shekara 3. Da yake sharuɗɗan jami'o'i sukan bambanta, wajibi ne ɗalibi ya karanta kundin JAMB na shekarar da kansa, ya kuma tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ya zaɓa, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni, kamar ilmin zamantakewa ko koyarwa, yana iya yin babbar difloma ko digiri na biyu. Ga waɗanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi, dokar lamunin ɗalibai ta 2024 ta buɗe asusun NELFUND domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya gwada kansa tun kafin ya cika takarda, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi amfani da hutu ya taimaka a gidan marayu, ko ƙungiyar agaji ta masallaci ko coci, ko ƙungiyar Red Cross. Ya kuma dage da koyon rubutu mai tsabta da Ingilishi da Hausa, in da hali ya ƙara da wani harshen ƙasar nan, ko maganar hannu ta kurame.

Nauyin da ke cikin aikin

Ba zan rufe ku ba, wannan ba sana'ar tara dukiya ba ce. Albashin gwamnati ne ga mafi yawan ma'aikata, ofisoshi da yawa kuma suna fama da ƙarancin ma'aikata da abin hawa da kuɗin gudanarwa. Ma'aikaci zai ga abin da zai hana shi barci. Wani lokaci zai yi wata shida yana fama da yaro, yaron ya koma gidan jiya. Wani lokaci doka za ta tilasta masa ya tsaya wa yarinya a gaban wani mai faɗa a ji, a zarge shi da shiga sharo ba shanu. Shi ya sa a jami'a ake koya wa ɗalibi yadda zai kula da kansa, ya san iyakar ƙarfinsa, ya riƙa kai damuwarsa ga na gaba da shi. Duk wanda ya zaɓi fannin don kawai bai samu gurbi a wani wuri ba, zai wahala, ya kuma wahalar da bayin Allah.

Amma wanda ya shiga da niyya, ya yi karatun da gaske, zai ga amfanin aikinsa da idonsa: yaron da ya fito daga hannun 'yan sanda ya zama tela, auren da ya kusa mutuwa ya miƙe, gurgun da aka ɓoye a ɗaki ya shiga aji, tsohuwar da aka yasar ta koma hannun jikokinta. Gwamnati tana iya kafa doka, ta gina ofis, ta sa allo a ƙofa, amma ba a cika ofishin da mutanen kirki masu ilmi sai iyaye sun bayar da 'ya'yansu, malamai sun nuna musu hanya, su kuma 'ya'yan sun amsa kira.

Ina roƙon sarakuna da limamai da shugabannin ƙungiyoyi su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su samu halarta ba, malaman sakandare kuma su sanya wannan fanni cikin waɗanda suke bayyana wa ɗalibai lokacin zaɓen kwas. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya.